Tuta, Take da Alkawari: Dokokin Kishin Ƙasa a Makarantun Gwamnati, da Misali daga Gabashin Sakkwato

GABATARWA

Duk wanda ya bi ta gefen makarantar firamare da sassafe a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, zai ga abin da zai gani in ya je Ibadan ko Kalaba. An buga ƙararrawa, yara sun yi sahu aji-aji, hedimasta ya tsaya a gabansu, an rera taken ƙasa, an bi shi da alkawarin ƙasa, sa'an nan kowa ya nufi ajinsa. Abin ya zama jiki, har ba safai akan tsaya a tambayi asalinsa ba. Alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da ranar da aka soma shi, da mutumin da ya ƙago shi, da kuma doka ko umurnin gwamnati da ya shigar da shi makaranta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin alamomin ƙasa, da dokokin da suka tsaya musu, da yadda suka shiga makarantun gwamnati. Daga nan za ta dubi al'amarin ta fuskar yaron da ya tashi a Magarya da garuruwan da ke kewaye da ita, don a ga inda ikon doka ya tsaya, da abin da ya rage a wuyan malami da hukuma.

ALAMOMIN DA ASALINSU

Alamomin da suka fi shafar ɗan makaranta guda huɗu ne, watau tuta, da tambari, da take, da alkawari.

Tutar Nijeriya wani ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, lokacin yana karatu a Landan, ya kuwa ci gasar da aka sa a 1959. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasa suka cire ta, aka bar kore da fari da kore. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuwa zaman lafiya. An fara ɗaga ta ran 1 ga Oktoba, 1960, bayan an sauke ta Ingila. Shi ma tambari a 1960 aka samar da shi. Baƙar garkuwar da ke tsakiyarsa tana nufin ƙasa mai albarka, farin layin da ya rabu biyu kamar gwafa yana nufin haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lakwaja, dawakai biyu martaba, jar mikiya kuwa ƙarfi. Kalmomin da ke ƙarƙashinsa, waɗanda sashe na 15 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar, su ne haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba.

Take shi ne ya fi shan sauyi. Na farko, na 1960, wata Baturiyar Ingila mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ita ta rubuta kalmominsa. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ajiye shi ta kawo sabo, wanda aka harhaɗa daga rubuce-rubucen 'yan ƙasa biyar da suka shiga gasa, Benedict Odiase, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda, ya sa masa kiɗa. Wannan shi aka yi shekara 46 ana rerawa, har ran 29 ga Mayu, 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da na 1960. Alkawarin ƙasa kuwa wata malama ce a Jami'ar Legas, Felicia Adebola Adeyoyin, ta tsara shi, aka buga a jaridar Daily Times cikin Yuli, 1976.

ABIN DA DOKA TA CE

Babu wata doka guda ɗaya tilo da ta tattara batun kishin ƙasa a makarantu. Abin a warwatse yake, sai an tsinto shi daga wurare da dama.

Ta farko ita ce Dokar Tutoci da Tambura ta 1960. Ita ta tsara yadda za a yi amfani da tuta da tambari, ta kuma mai da shi laifi mutum ya ɗaga tutar ƙasa alhali ta lalace ko ta yage. Hukuncin da ke ciki, kamar yadda aka tattara dokar a kundin dokokin Tarayya na 2004, tarar naira 100 ne. Wannan kuɗi yau ba zai sayi ko zaren ɗinka tutar ba, abin da ke nuna an daɗe ba a waiwayi dokar ba. In da za a bi ta sosai, da makarantu da ofisoshin gwamnati da yawa, masu tutocin da rana ta ƙoɗar iska ta yayyaga, su za su fara biyan tara.

Ta biyu ita ce Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin bin tsarin mulki da girmama tuta, da take, da alkawari, da halattattun hukumomi. Sashe na 23 kuma ya lissafa ɗabi'un da ƙasa ta ɗauka nata, cikinsu har da ladabi, da riƙon amana, da girmama sana'a, da haƙuri da addinin juna, da kishin ƙasa. Sai dai akwai abin lura a nan. Waɗannan sassa biyu suna cikin Babi na Biyu ne, sashe na 6 kuma ya hana kotu bin diddigin ko an cika abin da ke cikin wannan babi. Ma'ana, Tsarin Mulki ya faɗi abin da ya kamata, amma bai yanka wa yaro ko babba wani hukunci ba in ya gaza.

Ta uku ita ce Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, aka yi mata gyare-gyare daga baya. Ita ba doka ce ta majalisa ba, amma da ita ma'aikatun ilmi ke aiki, kuma a sahun gaba na burin da ta zayyana wa ilmi akwai cusa wa yara sanin cewa su 'yan ƙasa ɗaya ne. Ta huɗu ita ce Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu makaranta na shekara 9, kyauta. Ba ta yi maganar tuta ba, amma ita ce ke kawo yaro filin da ake ɗaga tutar. Ta ƙarshe ita ce Dokar Taken Ƙasa ta 2024 da aka ambata a sama.

YADDA SUKA SHIGA MAKARANTA

Tsayar da yara gaban tuta ya girmi Nijeriya mai 'yanci. A zamanin Turawa, ran 24 ga Mayu ta kowace shekara 'yan makaranta kan yi fareti don bikin Daular Ingila, su sara wa tutar Ingila, su rera taken Sarkin Ingila. Da aka sami mulkin kai sai aka sake tuta da take, aka bar tsarin yadda yake.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya sa gwamnati ta ɗauki abin da gaske. An ga cewa ƙasar da 'ya'yanta suka yi wata 30 suna kashe juna ba za ta zauna ba sai an gina zumunci tun daga yarinta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka ƙara yawan kwalejojin Gwamnatin Tarayya masu haɗa yara daga kowace kusurwa, waɗanda ta Sakkwato na cikin uku na farko da aka buɗe tun 1966. A 1973 Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa na matasa. A Satumba, 1976, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a wannan wata kuma gwamnati ta ba da umurni kowane ɗan makaranta ya riƙa karanta alkawarin ƙasa a taron safe. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu tana da muhimmanci ga yanki irin gabashin Sakkwato. Ƙauyuka da yawa a lokacin ne suka fara ganin ginin makarantar boko, saboda haka makaranta da alkawari tare suka shigo gari.

A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Janar Tunde Idiagbon ta kawo shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Kashi na uku na shirin, wanda aka buɗe cikin Agusta na wannan shekara, kan kishin ƙasa ya tsaya, aka matsa wa ma'aikata da 'yan makaranta su haddace take da alkawari, ofisoshi kuma su kafa tuta. Bayan an hamɓarar da gwamnatin a 1985 sai zafin abin ya huce, ko da yake an kafa wasu hukumomin wayar da kai a madadinsa, har aka zo ga Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa a 1993.

IYAKAR TILAS

Tambayar da kan taso a duk ƙasar da ke da irin waɗannan dokoki ita ce, shin za a hukunta yaron da ya ƙi? A Amurka, Kotun Ƙoli ta fara cewa a 1940 makaranta na da ikon tilasta wa yara sara wa tuta, amma a 1943 ta warware hukuncinta, bayan ƙarar da wasu iyaye mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah suka kai daga jihar West Virginia. A Indiya, a 1986, Kotun Ƙoli ta mai da wasu yara uku 'yan wannan ɗariƙa makarantarsu a jihar Kerala, ta ce tun da sukan miƙe tsaye cikin ladabi lokacin da ake rera take, rashin buɗe baki bai zama raini ba. Wasu ƙasashe kuwa ƙara ɗaure abin suka yi. Faransa ta wajabta sa hoton tuta da amshin take a kowane aji a 2019, Sin kuma ta kafa doka sukutum kan koyar da kishin ƙasa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2024.

Nijeriya ta taɓa gwada hanyar tsanani. A 2024 Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, ya gabatar da wani ƙuduri wanda a cikinsa aka tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya ƙi rera taken ƙasa. Jama'a suka yi caa, cikin Agusta na shekarar ya janye shi. A farkon wannan wata ne kuma, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka ga wasu matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Ba mamaki da yawansu sun yi shekaru suna karanta alkawarin ƙasa kowace safiya. Hausawa kan ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana, kuma gaskiya ne, tilas takan sa yaro ya miƙe ya buɗe baki. Abin da ya faru a wannan wata ya nuna iyakarta ke nan.

TUTA A ƘASAR MAGARYA

Kuskure ne a zaci mutanen wannan yanki sai da boko ya zo suka san darajar tuta. Magarya tana cikin wuraren da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi kafin ya gina Wurno, a can ne ma Baturen nan Hugh Clapperton ya same shi a 1826. A Wurno Bello ya rasu a 1837, nan kuma kabarinsa yake. A daular da ya taya mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kafawa, ba da tuta shi ne ba da izni. Malam Musa ya karɓa ya nufi Zazzau, Umaru Dallaji Katsina, Yakubu Bauci, Buba Yero Gombe, Modibbo Adama kuwa ƙasar Fombina. Wanda aka ba tuta an ɗora masa amana ke nan, ba a kuwa bar shi ya yi tsammanin ma'anarta da kansa ba, ana haɗa masa da wasiƙu masu bayyana abin da ake so ya yi. Littafin Usulus Siyasa da Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji misali ne, inda ya zayyana masa haƙƙin talakawa a kan shugaba. A al'adar wannan ƙasa, ke nan, tuta takan zo da bayani, kuma nauyinta ya fi yawa a kan mai mulki.

Haka nan yankin bai rasa hannu a ginin Nijeriya ta yau ba. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya koyar a Midil ta Sakkwato bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koma Rabah ya zama hakimi a 1934, kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Yaron Rabah da ke tsaye gaban tuta yana da dalilin da zai ce da mutumin garinsu aka karɓo ta, in dai an gaya masa.

MATSALAR HARSHE

A nan ne al'amarin ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Take da alkawari duk da Ingilishi suke, taken 1960 ma har da tsofaffin kalmomi irin waɗanda Turawa da kansu suka daina magana da su. Yaron aji ɗaya a Magarya da Hausa yake zuwa makaranta, ko da Fulfulde. Zai haddace sautin cikin mako kaɗan, don kunnen yaro da kaifi, kuma makarantar allo ta riga ta saba masa da hadda. Amma a tsarin karatun allo, hadda matakin farko ce, bayan sauka akan zauna gaban malami a buɗe littafi ana fassarawa kalma bayan kalma. Take da alkawari kuwa sau da yawa a hadda suke tsayawa, yaro ya gama aji shida yana faɗin alkawarin da bai san abin da ya ɗauka ba. Ga shi kuwa an ce alkawari kaya ne, wanda bai san nauyin kaya ba yaya za a tuhume shi in ya yar?

Manufar Ilmi ta 1977 ta hango wannan, don ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, Ingilishi ya biyo baya. Babu kuma wata doka da ta hana malami ya bayyana wa yara ma'anar take da Hausa bayan an rera shi da Ingilishi. Akwai ma misali daga wannan ƙasa ta Sakkwato. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa don ya koya wa ɗalibansa labarin ƙasa, garuruwanta da kogunanta da jama'arta. Ya gane cewa yaro ba zai so ƙasar da bai sani ba, kuma hanya mafi sauƙi ta saninta ita ce harshen da yake mafarki da shi.

Malamin Goronyo ba ya bukatar littafi daga Abuja kafin ya yi irin wannan. In ya nuna wa yara tambarin da ke jikin takardar naira, sai ya gaya musu cewa ruwan nan da ke kwance a madatsar garinsu, wadda aka gina a kan Gulbin Rima, yakan gangara ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya wuce ta Argungu, ya faɗa Kwara, watau ɗaya daga cikin rassan farin layin nan biyu da suke gani. Malamin Wurno kuwa in ya zo bayanin koren tuta, ga fadama nan a bayan gari, shinkafa da albasa da tafarnuwa. Yaron da aka koya wa haka ya ga gonar ubansa a jikin tuta, gani kuwa ya kori ji.

Sauyin 2024 ya ƙara fito da wannan matsala fili. Yawancin malaman firamare na yau bayan 1978 suka yi makaranta, saboda haka su ma taken da aka dawo da shi baƙo ne gare su, sai da suka koya kafin su koyar. Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Jihar Sakkwato, ita ma ta sake nata take a 2023, don ta rabu da wanda Faransawa suka tsara mata. Abin da ya kamata ya biyo bayan irin wannan sauyi shi ne fassara ingantacciya da bayani mai sauƙi a hannun kowane malami, aikin da sassan nazarin Hausa na jami'o'i suka fi kowa cancantar yi.

ALKAWARI NA DA ƁANGARE BIYU

Babin nan na Tsarin Mulki da ya ce ɗan ƙasa ya girmama tuta, shi ne kuma ya ce, a sashe na 14, tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati, a sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnati samar da ilmi ga kowa. Ba daidai ba ne a karanta wa yara sashe na 24 a tsallake waɗannan.

Gabashin Sakkwato ya ɗanɗana abin da kan faru in ɓangaren hukuma ya yi rauni. A Yuli, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni da maƙwabtansa a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A Oktoba, 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu. Ƙauyen da ya watse, makarantarsa ma ta watse, babu mai ɗaga tuta, babu mai rera take. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu, ya kwana a daji, in ya dawo aji aka ce masa farin tuta zaman lafiya yake nufi, yana da tambayar da hedimasta ba zai iya amsa masa shi kaɗai ba. Haka kuma yaran da ba su taɓa shiga makarantar boko ba, waɗanda yawansu ya sa Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2015, duk waɗannan dokoki ba su iske su ba.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Nijeriya ba ta da ƙarancin doka a kan alamominta. Akwai ta 1960, da umurnin 1976, da manufar 1977, da Tsarin Mulkin 1999, da dokar 2024, kuma sun yi abin da doka ke iya yi, sun sa yaran Magarya da na Fatakwal suna faɗin kalmomi iri ɗaya a sa'a ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ta yi yaƙin basasa. Abin da ya rage guda uku ne. Na farko, a fassara take da alkawari zuwa Hausa da Fulfulde da sauran harsunan ƙasa, fassarar da hukuma ta amince da ita, a sa ta cikin darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Na biyu, a koyar da alamomin ta hanyar tarihin gida da labarin ƙasa na gida, yadda Malam Shehu Shagari ya yi. Na uku, wanda ya fi nauyi, hukuma ta cika nata ɓangaren alkawari, makaranta ta kasance a buɗe, da rufi, da malami, hanyar zuwa gare ta kuma lafiya lau. Magabatan wannan yanki in sun miƙa tuta sukan haɗa da bayanin haƙƙin da ke kan mai riƙe ta, ya kamata makarantun jikokinsu su yi koyi da su.